Wai daga ina kalmar "beli" ta samo asali?

Ɗan_Kurmi74: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare muka yi gardama da ƙanena har tuwo ya huce. Wani maƙwabcinmu ne aka ba da belinsa, muna dawowa daga yi masa jaje sai yaron nan ya ce ai beli tun asali sunan kuɗin da ake ajiyewa ne, kamar kuɗin fansa. Ni kuma na ce a'a, na taɓa ji a bakin wani malaminmu cewa tushen kalmar ba ruwansa da kuɗi. Da ya ce in kawo hujja sai na yi tsuru-tsuru. Na san dai daga bail ta Turanci muka aro ta, kamar yadda muka aro kotu da lauya da sammaci. To su Turawan a ina suka samo ta? Masu ilimi a fitar da ni kunya gaban yaro.

Ba_Ruwana: Wa alaikumus salam. Ni abin da na sani, an rubuta "beli kyauta ne" ɓaro-ɓaro a bango, ban kuma taɓa ganin wanda ya fito kyautar ba. Asalin kalma kuwa sai 'yan boko.

Bakanike_Tasha: Na ji an ce daga bell ne, ƙararrawa. Wai a Ingila da can in za a saki ɗaurarre sai an kaɗa ƙararrawa kowa ya ji.

Ɗalibar_Doka: @Bakanike_Tasha wannan labarin ƙararrawa wani ne ya zauna ya tsara shi don ya ji sautin ya yi kama. Yaya Ɗan_Kurmi, kai ke da gaskiya. Turanci ya karɓo kalmar daga tsohon Faransanci. Suna da aikatau baillier, wato ka danƙa abu a hannun wani ya zama yana ƙarƙashin kulawarsa. Shi kuma ya fito daga Latin, harshen tsoffin Rumawa, bajulare, ɗaukar kaya. Mai ɗaukar kayan kuwa sunansa bajulus. A taƙaice dai, ɗan dako.

Mai_Kura: Allahu akbar! Yau ranarmu ce. Shekara 11 ina tura kura a kasuwa ana ce mini "kai, matsa can", ashe masu baƙar riga da farin gashi a ka da sunan sana'armu suke cin abinci.

Ɗan_Kurmi74: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Amma fa kaina bai ɗauka ba tukuna. Me ya haɗa ɗan dako da sakin wanda aka kama? Tsakaninsu akwai tafiya.

Lauyan_Ƙauye: Akwai tafiya kam, amma sawun bai ɓace ba. Bari in bi da kai.

Bajulus ya fara da mai ɗaukar kaya a kafaɗa. Daga baya aka riƙa kiran mai ɗaukar yaro da sunan, wato mai raino, har ya kai ga wanda aka ba riƙon ɗan sarki da tarbiyyarsa. Har yau a Italiyanci matar da ake ɗauka ta shayar da jaririn wata sunanta balia, tushen ɗaya ne. Daga riƙon yaro aka tafi riƙon dukiya da riƙon gari. Jakadan da birnin Banis na Italiya ke ajiyewa a Istanbul a zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa muƙaminsa bailo. Ma'aikacin kotun nan da ke kai sammaci, ko ya zo a kwashe kayan wanda ya ƙi biyan bashi, da Turanci bailiff ake ce masa. Tsibiran Jasi da Gansi da ke tsakanin Ingila da Faransa har gobe babban alƙalinsu Bailiff ne. Duk 'yan gida ɗaya ne: wanda aka ɗora wa kaya.

To yanzu zo Ingila. A 1066 Wiliyam na Nomandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci ƙasar da yaƙi, manyansa masu jin Faransanci suka riƙe fada da kotuna, harshen shari'a ya koma nasu. A wancan zamani alƙalan sarki zagaye suke yi gari-gari, kuma sukan daɗe ba su waiwayi wani wurin ba. Kurkukun kuwa ga cuta, ga yunwa, ga sauƙin tserewa. Sai ya zama ya fi wa hukuma sauƙi ta miƙa wanda ake tuhuma ga mutanen da suka san shi, su ɗauki alkawarin kawo shi ranar da alƙali ya zo. Wannan miƙawar ita ce bail. Ka lura da kyau, a idon shari'ar lokacin ba sakinsa aka yi ba, mai tsaronsa ne aka sauya. Ya fita daga hannun yari ya koma hannun waɗanda suka tsaya masa. Shi ya sa a tsohon Turancin kotu su kansu masu tsayawar ana kiransu bail.

Uwar_Biyu: Kai, ashe Hausarmu ma ta fi kusa da asalin. Mu ai cewa muke "an ba da shi beli". Ba da shi aka yi, ba sallamarsa aka yi ba.

Lauyan_Ƙauye: Hajiya kin cafke ta. Akwai ma wata tsohuwar kalma 'yar uwarta da ta mutu, mainprise, daga main hannu da prise kamawa. Karɓa a hannu ke nan.

Sharifin_Unguwa: Tunda ana tone-tone, ni ma ga tawa. Sheriff ɗin da muke gani a finafinan Amurka da tauraro a ƙirji, ai Sharifi ne suka sace daga Larabci. Wannan kam ba gardama.

Ɗalibar_Doka: Baba Sharifi a yi haƙuri, akwai gardama. Wannan tsohon Turanci ne tsantsa, shire yanki, reeve wakilin sarki, aka haɗe su suka zama sheriff. Ya riga zuwan mutanen Nomandi ma. Amma ya shigo labarinmu, domin a hannunsa ikon ba da beli yake da farko, kuma da yawansu sun mai da abin hanyar ci. Wanda ya ba da wani abu a sake shi ko da laifinsa babba ne, wanda bai da shi ya ruɓe a ciki. Shi ya sa a 1275, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, dokar Westminster ta jero laifukan da ake ba da beli a kansu da waɗanda ba a bayarwa.

Ba_Ruwana: Wato tun 1275 ake fama da "a kawo na biro da takarda". To ni na daina jin haushi, ashe gado ne.

Malam_Na_Zaure: Assalamu alaikum. Na jima ina karantawa ban ce komai ba, amma maganar ɗan dako ta sa na ajiye shayina. Duk wanda ya zauna gaban malami ya yi karatun fiƙihun Malikiyya ya san babin da ake kira hamala. Shi ne babin tsaya wa mutum, wanda wasu mazhabobi suka fi kira kafala. Hamala kuwa daga hamala yahmilu take, ɗaukar kaya. Wanda ya tsaya wa wani sunansa hamil. Kun ga Larabawa da Rumawa ba su yi shawara ba, amma hoto guda suka gani: mutum da kaya a wuya.

Malamai sun raba shi. Akwai wanda ya lamunce dukiya, in mai bashi bai biya ba shi zai biya. Akwai kuma hamilul wajhi, wanda ya lamunce fuska, wato zai kawo mutumin da kansa ranar da aka neme shi. Wannan na biyun shi ne ya yi kama da belinku. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an ce hamilul wajhi in bai zo da mutumin ba zai biya, sai dai in tun farko ya sharɗanta ba zai biya ba. Akwai kuma hadisin da ke cewa azza'imu garimun, wanda ya lamunce shi ke da biya. A Suratu Yusuf, aya ta 72, mai shela ya ce wanda ya kawo ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda, "wa ana bihi za'im", ni ne na lamunce. Wallahu a'alam.

Ɗan_Kurmi74: Allah ya gafarta Malam, wannan ai ya fi abin da na zo nema. To ita lamuni ɗin tamu fa?

Malam_Na_Zaure: Daga damana ta Larabci take. Harafin nan na dad in ya shigo bakin Bahaushe yakan koma lam. Ka duba alƙali, alwala, larura, farilla, lamiri. Muna da lamuni a harshenmu da kotunan alƙalanmu tun kafin Bature ya zo da beli.

Bazazzagi_Ne: To Malam me ya sa ba mu ce "an ba da lamuninsa" ba? Ni abin da ke ba ni haushi ke nan, muna da namu mu je mu aro na wani.

Lauyan_Ƙauye: Saboda ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba. Lamuni ya zauna a kasuwa da harkar bashi. Beli kuwa tare da caji ofis da majistare da waranti ya zo, a kaya ɗaya aka sauke su. Kowa ya kama rumfarsa.

Ɗan_Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Ni abin dariya ya ba ni, don a wajenmu kalmar na nan da ranta amma ta bi wata hanya dabam. A Faransancin yau in ka ce bail, ana faɗinsa kamar "bay", takardar hayar gida ko shago kake nufi. Mai gidan da ya ba ka haya shi ne bailleur. Ƙasashe da ƙungiyoyin da ke zuba kuɗi a ayyukan raya ƙasa kuwa kullum a rediyo bailleurs de fonds ake ce musu, masu miƙo kuɗi. In mutum ya daɗe ba ku haɗu ba ma sai a ce ça fait un bail, an kwana biyu. Amma in ka je kotu ka ce kana son bail ba wanda zai gane ka, sai su zaci ɗaki kake nema. Kuɗin da ake ajiyewa caution ne, sakin kuma liberté provisoire. Masu kalmar sun ba Ingilishi aro, su sun koma amfani da wata.

Uwar_Biyu: Haya ma ai danƙawa ce. Ka ba shi makulli, amma gidan naka ne.

Tsohon_Direba: Ku kuna maganar a takarda, ni a wuyana na ɗauke ta. Shekarun baya ina jan babbar mota, akwai yaron motata da na riƙa kamar ɗa. Aka yi rigima a tasha, aka fasa wa wani kai, aka kwashe su har da shi. Uwarsa ta zo ƙofar gidana tana kuka da asuba. Na je na tsaya masa. Na tuna ranar sarai: hoto fasfo biyu, katin shaida, aka turo wani ya zo ya ga gidan da nake, sannan aka kama babban yatsana aka dangwala a tawada aka manna a takarda. Tawadar ta kwana uku ba ta fita ba. Magatakarda ya karanta mini adadin kuɗin da ke kaina in yaron bai zo ba, na ce na ji, a raina ina cewa ai yaron kirki ne.

Zama na farko ya zo. Zama na biyu wayarsa a kashe. Daga nan ni na koma wanda ake kira. Duk ranar da aka ɗage shari'a sai in ajiye mota, in rasa lodin ranar, in je in zauna a bencin nan tun ƙarfe tara ina jiran a kira sunan wani in miƙe. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Baba, kai ka ce a ba ka shi, ina yake?" Ba ni da amsa. Wata biyar ina bin tashoshi ina cigiya, daga ƙarshe wani direban tirela ya ce ya gan shi yana lodin albasa a wani gari. Da kaina na je na zauna kusa da shi a kan buhu, ban yi masa faɗa ba, na ce tashi mu tafi. Ya bi ni kuwa. Da Barista ya ce ba saki ba ne, mai tsaro aka sauya, sai da tsigar jikina ta tashi. Wata biyar ɗin nan ni ne yari, ba albashi.

Mai_Kura: Baba sannu. Mu ko buhun siminti muka ɗauka muna saukewa a biya mu. Naka dakon ya fi namu.

Auta_Mai_Gardama: Salamu alaikum. Ni ne ƙanen da ake magana a kai, Yaya ya turo mini duk abin da kuka rubuta yana ta murna. Na yarda tushen ɗan dako ne, ban ja ba. Amma tambayata: yau in aka ce alƙali ya sa beli miliyan biyar, me ake nufi? Kuɗi. Asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba. In haka ne sai mu ce duk wanda ya hau jirgin sama kwalekwale ya hau, tunda jirgi na ruwa ne da farko.

Ɗalibar_Doka: Auta yana da ƙafar tsayawa fa, kada a yi masa taron dangi. Ma'anar kuɗi ta daɗe da shiga. A dokar 'yanci ta Ingila ta 1689 an rubuta cewa kada a nemi bail da ya wuce kima, kuma abin da ake aunawa a ce ya wuce kima ai adadi ne. Amurka ta kwashi jimlar kusan yadda take ta sa a gyara na 8 na tsarin mulkinta a 1791. Sai dai Auta, kai cewa ka yi tun asali kuɗi ne. Nan ka faɗi.

Lauyan_Ƙauye: Ƙari a kan haka, miliyan biyar ɗin da kake ji a labarai sau da yawa ba a ƙirga ta a teburin kotu. Alkawari ne a rubuce, cewa in mutumin ya gudu za a bi wanda ya sa hannu. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su ji adadi su karaya, ko wani ɗan tsakiya ya ce su kawo a kai wa kotu ya zuba aljihu.

Bahaushe_a_Shikago: A nan Amurka kam Auta ne zai ci gardamar, don beli kasuwa ce sosai. Kusa da kotuna za ka ga shaguna da fitilu suna tallar tsaya wa mutane. Ka ba su wani kaso, yawanci kashi 10 cikin 100 na abin da alƙali ya yanka, su tsaya maka, kuma wannan kason ba ya dawowa ko an wanke ka. In ka gudu su tura masu farautar mutane su kamo ka, hujjarsu kuwa ita ce tsohuwar maganar nan ta cewa kana hannun wanda ya tsaya maka. Amma jiharmu ta Illinois ta soke belin kuɗi gaba ɗaya a watan Satumba na 2023. Yanzu alƙali ne ke duba ko a tsare ka ko a sake ka, ba aljihunka ba. Har yanzu ana ta cacar baki a kai.

Hajiya_Mai_Atamfa: Ni tambaya gare ni ga lauyoyi. Da aka kama ɗan yayata na je wani caji ofis da takardun shagona da komai, wani jami'i ya dube ni sama da ƙasa ya ce mace ba ta beli, in je in zo da namiji. Na koma na ɗauko wani ɗan uwanmu da ko keke bai mallaka ba, shi aka karɓa. Wannan doka ce ko son rai?

Ɗalibar_Doka: Hajiya ba doka ba ce. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, sashe na 167, ta faɗa a fili cewa ba za a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce ba. Jihohi ma sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari. Kuma in muka koma tushe abin dariya ne, kalmar da ta biyo ta hannun mai goyo a ce mace ba ta iya ɗaukarta.

Hajiya_Mai_Atamfa: Da na san haka ranar da sun ji baki.

Malam_Na_Zaure: Tunda an zo nan, akwai abin da ake ruɗawa da lamuni alhali ba shi ba ne: a zo neman mutum a rasa shi, a tafi da ubansa ko matarsa wai sai ya fito. Lamuni da yardar mai ɗauka ake yi. A surar da na ambata, 'yan uwan Annabi Yusuf sun ce a kama ɗayansu a madadin ƙanensu, ya ce Allah ya tsare mu kama wani in ba wanda muka sami kayanmu a wurinsa ba.

Lauyan_Ƙauye: Dokar 2015 ɗin ma ta haramta wannan a sashe na 7, Malam. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Rubutun dai ba shi da laifi.

Bakanike_Tasha: To na janye ƙararrawata. Amma babbar kotun Landan da ake kira Old Bailey fa? Wannan kam gidan beli ne ko?

Ɗalibar_Doka: Sunan titin da take kai ne, titin kuma ya bi layin tsohuwar ganuwar birnin. Bailey katangar waje ce ta gidan sarauta ko sansani. Kamar a ce kotun Bakin Ganuwa.

Bazazzagi_Ne: Ni kuma bailout nake tambaya, irin wanda gwamnatin tarayya ta ba jihohi a 2015 don biyan bashin albashi. Belin gwamnoni aka yi ke nan?

Ɗan_Damagaram: Akwai wata bail ɗin ta kwarfe ruwa daga kwalekwalen da ke nitsewa, daga baille, bokiti. Masu ƙamus da yawa suna mayar da ita ma ga bajula, mai ɗaukar ruwa. In haka ne bayan ɗan dako ga ɗan garuwa ya shigo.

Ba_Ruwana: Saura mai shayi da mai wankin hula.

Auta_Mai_Gardama: Ni dai har yanzu ina kan bakana rabi. Yaya ya ce ba ruwanta da kuɗi ko kaɗan, ga shi an nuna fiye da shekara 300 ana auna ta da kuɗi. Canjaras muka yi.

Ɗan_Kurmi74: Canjaras a ina? Tushe na tambaya, tushe aka ba ni. Ka zo gida ka same ni.

Tsohon_Direba: Auta, ranar da aka dangwala yatsanka a tawada ka dawo ka gaya mana ko kuɗi ne ko kaya.

Mai_Kura: Barista ko 'yar uwa Ɗaliba, don Allah yaya ake faɗin sunan nan daidai? Bajulus da ja kamar jaki?

Ɗalibar_Doka: A'a, a Latin wannan harafin ya ake karanta shi, shi ya sa wasu littattafai ke rubuta baiulus. Ka ce bayulus.

Mai_Kura: Bayulus. Madalla. Akwai fili a bayan kurata ƙarƙashin "Haƙuri Maganin Duniya", gobe in na sauke lodin safe zan biya wajen mai fenti.